Wa'azi a kan agwagwa da 'ya'yanta da hannun yara

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah, wanda Ya halicci mai tafiya da mai rarrafe da mai tashi da mai iyo, Ya yanka wa kowa rabonsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabin rahama, da alayensa da sahabbansa da wanda ya bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Amma bayan haka, ya ku malamai, iyayena da yayyena, da ku gardawa da almajiran Bici da ƙauyukanta, na Saye da Badume da Danzabuwa da sauransu, ku yi mini haƙuri da abin da na zo da shi yau. Maganar agwagwa na zo da ita. Na ga wasu sun yi murmushi, ban kuwa ga laifinsu ba, gama in aka ce za a yi wa'azi, abin da kunne ke jira shi ne salla ko azumi ko rabon gado. To, ku saurara tukuna, kana ku yi hukunci.

Wata Alhamis cikin daminar bana na fito za ni sallar la'asar. Hanyata ta bi ta bakin kududdufin da ke bayan unguwarmu, inda aka haƙi ƙasar gini. Na tarar da yara kamar takwas, wasu almajiraina ne, wasu 'ya'yan unguwa masu zuwa boko, kada wani ya ce halin almajiri ne shi kaɗai. Sun tsare wata agwagwa da 'ya'yanta. Ɗaya ya ɗaura wa ɗan agwagwa zare a ƙafa yana jan sa cikin ruwa, in ya nutse ya fizgo shi. Biyu sun ajiye wani bisa hoge suna gwada danƙo. Uwar tana kewaya su, fiffike a buɗe, baki a buɗe. Ni kuwa me na yi? Na ce, "Kai, ku bari!" ban ko rage tafiya ba, gama an tayar da iƙama, ina tsoron kada raka'ar fari ta wuce ni. Na sami raka'ata. Da na komo yara sun watse, 'ya'yan agwagwa huɗu na kwance a bakin ruwa, uwar tana tsaye a kansu.

Ku malamai kun riga ni sanin hukuncin wannan. Riskar raka'ar fari falala ce, hana ɓarna ga wanda ke da iko wajibi ne, ni kuwa ina da iko, gama inuwata kaɗai ta ishe su watsewa. Na saki wajibi na kama falala. Domin haka wa'azin nan kaina na fara yi wa shi kafin in kawo muku.

Ku sani, Allah Ya yi muku rahama, agwagwar nan tamu baƙuwa ce. Asalinta daga Amurka ta Kudu take, jiragen ruwan Turawa suka kawo ta gaɓar teku bayan shekara ta 1500 ta Miladiyya, daga kudu ta hauro mana, shi ya sa za ka ji dattawa suna ce mata kazar Yarabawa. Allah kuwa Ya halicce ta da ƙaramar murya. Kaza in aka taɓa ɗanta sai ta cika gida da ƙara, zabuwa kuwa unguwa duka sai ta ji. Amma toron agwagwa huci kaɗai yake yi, macen kuma sautinta da ƙyar yake tsallake danga. Ga ta da nauyin jiki, ba ta iya tsere wa yaro, 'ya'yanta kuwa a jere suke bin ta kamar an shirya su domin mai jifa. Ga mutane sun sa mata suna ƙazama. Wanda ba shi da murya, ba shi da gudu, ba shi da farin jini, wa zai tsaya masa? A nan zalunci yake samun wurin zama, cikin dabbobi da cikin mutane.

Ku dubi abin da yaro ke ɓatawa tsakanin kiran salla da sallama. Kaza kwana 21 take kwanci. Ƙwan zabuwa bai wuce kwana 28. Agwagwar nan kuwa kwana 35 take yi bisa ƙwai, mako biyar cur. Takan fige gashin ƙirjinta da bakinta ta shimfiɗa musu, in za ta fita shan ruwa ta lulluɓe su da shi kada su huce. Idan ta ƙyanƙyashe, mutane sukan zaci ɗan agwagwa ba ruwan da zai cuce shi. Wannan kuskure ne. Babba tana da wani ɗan ƙullutu a gindin bindinta mai fid da maiƙo, da shi take shafe gashinta ruwa ba ya kama shi. Jariri kuwa gashinsa kamar auduga yake, maiƙon uwarsa ne ke shafarsa sa'ad da ya kwanta ƙarƙashinta. In aka raba shi da ita aka tsare shi cikin ruwa, sai ya jiƙe ya yi nauyi, sanyi ya kama shi, ya mutu ba rauni ko ɗaya a jikinsa. Yaro ya ce, "Wallahi ban doke shi ba," ya kuwa faɗi gaskiya, amma shi ya kashe shi. Hakanan ƙafar agwagwa ba ta da ƙarfin ƙafar kaza, fizga ɗaya ta isa ta goce daga kwankwaso, gurguntaka ke nan har mutuwa.

Sa'an nan agwagwar wa ce? Duk mun sani galibi ta mata ce, ta tsohuwa, ta mai marayu. Idan annobar kaji ta zo da hunturu ta share akurki, sau da yawa agwagwa ce ke saura a tsakar gida. Ita ake kai wa kasuwa a sayo sabulu, a sayo magani. Ya ku malamai, kuɗin Laraba da yaro ke miƙo mana, mun san ko na toron agwagwa ne da uwarsa ta sayar?

Mas'ala. Idan wani ya ce, ai yara ne, an ɗauke musu alƙalami har su balaga, kamar yadda ya tabbata cikin hadisi, sai in ce, gaskiya ne, ba a rubuta wa yaron zunubi. Amma wanda ya ga yaron fa, an ɗauke masa alƙalami? Ku ji yadda sahabbai suka fahimci wannan. Imamul Buhari ya kawo cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah Ya yarda da su, ya shiga wurin Yahaya ɗan Sa'idu, sai ya ga wani yaro daga 'ya'yan gidan ya ɗaure kaza yana harbinta. Bai yi tsawa daga nesa ya wuce kamar yadda na yi ba. Ya taka da ƙafarsa har wurinta, ya kwance ta da hannunsa, ya taho da ita da yaron gaban manyan gidan, ya ce musu su tsawata wa yaronsu, ya gaya musu ya ji Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana a tsare dabba domin a harbe ta har ta mutu. Ku lura da jerin aikin: ya fara kuɓutar da kaza, kana ya kama hannun yaro, kana ya fuskanci manya da magana. Manya aka yi wa faɗan. Kuma Imamu Muslim ya kawo wata rana dabam da ya bi ta wurin wasu samarin Ƙuraishawa sun kafa tsuntsu suna harbi, sun yi wa mai tsuntsun alkawarin duk kibiyar da ta kuskure tasa ce. Da suka hango shi suka watse, ya shaida musu Annabi ya la'anci wanda ya mai da abu mai rai abin gwada harbi. Anas ɗan Maliku ma ya ga irin wannan a gidan Hakamu ɗan Ayyuba, ya yi inkari. Ashe wasan nan na bakin kududdufi tsoho ne, hukuncinsa kuma tsoho ne. Abin da ya sake shi ne, su yara suna watsewa in sun hango malami, mu kuwa sun san za mu wuce.

Danƙo kansa, da muke saya musu ko mu ƙyale su su yanko shi daga tsohon tayar keke, ku tuna labarin Abdullahi ɗan Mugaffal, wanda Buhari da Muslim suka kawo. Ya ga wani yana harba tsakuwa da yatsa, ya hana shi, ya gaya masa Annabi ya hana, domin ba ta kama abin farauta, ba ta korar maƙiyi, sai dai ta karya haƙori ta tsiyaye ido. Da ya ga mutumin ya sake, sai ya daina yi masa magana. Wane ne cikinmu bai san mai ido ɗaya ba wanda danƙon abokin wasa ya mai da shi haka?

Bayan zunubi kuma akwai bashi. Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar, yana kuwa cikin Muhtasar na Shaihu Halilu a babin waɗanda ake tsare wa dukiya, cewa yaro yana lamuncewa abin da ya ɓata na mutane cikin dukiyarsa, matuƙar ba mai abin ne ya ba shi amanarsa ba. Ƙuruciya ta ɗauke masa laifi, ba ta ɗauke wa mai agwagwa asara ba. Uban kirki ba ya barin ɗansa ya girma da haƙƙin wata tsohuwa a wuyansa. Dokar hukuma ma ta yi magana: dokar laifuffuka ta Jihar Arewa, wadda ake ce wa Final Kod, da aka fara aiki da ita a 1960, ta sa ɗauri ko tara ga wanda ya azabtar da dabbar gida, amma ita ma ta ce wanda bai kai shekara 7 ba ba shi da laifi, hakanan wanda bai kai 12 ba in hankalinsa bai nuna ba. To, mala'ika bai rubuta ba, alƙali bai kira ba. Wa ya saura tsakanin yaro da agwagwa? Uba da uwa da malami da mai wucewa.

Abu Dawuda ya kawo daga Abdullahi ɗan Mas'udu cewa suna cikin tafiya tare da Annabi, ya ɗan keɓe, sai suka ga wata 'yar tsuntsuwa da 'ya'yanta biyu, suka ɗauke 'ya'yan. Ta zo tana kaɗa fiffike a kansu. Da Annabi ya komo ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali game da 'ya'yanta, ya yi umarni a mayar mata. Ban taɓa karanta hadisin nan yadda na karanta shi daren Alhamis ɗin nan ba, gama buɗe fiffiken da aka siffanta shi ne na gani da idona da la'asar. Kuma ku almajirai da kuka kai Suratul An'ami a allunanku, cikinta Allah Ya sanar da mu cewa dabbobin ƙasa da tsuntsaye al'ummu ne kamar mu. Yaro ya wanke wannan ayar da safe ya sha, da yamma ya tafi kududdufi. Laifin wa ke nan, in ba na wanda ya biya masa harafi bai gaya masa ma'ana ba? Ku buɗe ƙarshen Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wanda ya rasu a shekara ta 386 ta Hijira, littafin da ba zauren da babu shi a ƙasar Kano. Ya karhanta kashe kwarkwata da ƙuma da wuta, ya karhanta kashe kwaɗi, ya ce barin tururuwa ya fi soyuwa ko da ta cuta. Mazhabar da ta ji tausayin kwarkwata daga wuta, yaya za ta ce da ɗan agwagwa a bakin zare? Masu tarihi kuma sun kawo cewa asubahin da aka sari Sayyadina Aliyu a Kufa, cikin Ramalan na shekara ta 40, tsuntsayen ruwa irin dangin agwagwa da dinya sun taso suna kuka a fuskarsa, mutane suka tashi korarsu, ya ce a ƙyale su.

Turawan Ingila sai a 1822 majalisarsu ta yi dokar hana zaluntar shanu da dawaki, a 1824 suka kafa ƙungiyar tsare dabbobi a Landan. Mu an ba mu wannan fiye da shekara 1,100 kafin nan. Ba domin alfahari na faɗa ba, domin kunya na faɗa. A ƙasar Yarabawa kuma direbobi da yawa suna tsoron take agwagwa, wai tana jawo haɗari, har wanda ya take ta yakan sa mata kuɗi a baki. Wannan camfi ne, ba mu yarda da shi ba, agwagwa ba ta cutarwa ba ta amfanarwa sai da ikon Allah. Amma ku duba, mai camfi ya taka burki domin tsoron tsuntsuwa, mai tauhidi ya kāsa rage tafiya domin tsoron Ubangijinta.

Idan wani ya ce, ai ƙarshenta wuƙa ce, sai in ce, na'am, halal ce, ni ma ina cin ta. Amma abin da aka halatta shi ne yanka da wuƙa mai kaifi, da ambaton sunan Allah, da gaggautawa, domin a ci. Wadda dutse ya kashe mushe ce, tana cikin waɗanda Suratul Ma'ida ta lissafa, ba mai ci sai angulu. An ɓata rai, an ɓata dukiya, an ɓata nama.

Idan kuma ya ce, tana ɓata mana wurin alwala da ƙofar zaure, sai in ce, wannan ƙara ce mai tushe, ban raina ta ba. A mazhabarmu kashin abin da ake cin namansa mai tsarki ne, sai fa in yana cin najasa, agwagwar da ke kiwo a kwata kuwa ta shiga cikin togiyar nan. Saboda haka mai ita yana da nasa nauyi: ya ciyar da ita dusa da tsaki kada yunwa ta kai ta kwata, ya tsare ta daga masallaci da shukar maƙwabci. Wanda ta dame shi ya tafi wurin mai ita, in bai ji ba a kai wa mai unguwa. Amma abin da muke yi, sai babba yana zaune bisa buzu ya ce, "Kai yara, ku kore mini abin can." Shi kora ya ce, yaro kuwa jifa ya ji, gama bai taɓa ganin an kori agwagwa da wani abu ba sai hoge. Mai umarnin nan yana da rabo cikin abin da ya biyo baya.

Yanzu ga wurin da nake tsoron a yi mini mummunar fahimta. Kada wani gardi ya tashi daga nan ya tsinko tsumagiya ya ce malam ya ce a hukunta masu taɓa agwagwa. Na daɗe cikin tsangaya, na ga yadda duka ke gangarowa. Gardi ya doki titibiri, titibiri ya doki kolo, kolo ya waiwaya bai ga na ƙasa da shi ba sai ɗan agwagwa. Yaron da ya riƙe zaren nan shi ne mafi ƙanƙanta cikin almajiraina, shi ne kuma wanda aka fi aike, aka fi ƙwace wa tuwo. In na ƙara masa bulala, gobe zai sake, sai dai ya nemi kududdufin da ba hanyata ba. Ɗan Umar bai doki yaron ba, hannunsa ya riƙe.

Ba kuwa cewa na yi a raba yara da tsuntsaye ba. Buhari da Muslim sun kawo cewa Anas yana da ƙane ƙarami, ana yi masa alkunya da Abu Umairu, yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi, Annabi yakan zo gidansu ya tambaye shi labarin tsuntsun, cikin wata ruwaya kuma ranar da tsuntsun ya mutu ya tarar da shi yana baƙin ciki ya lallashe shi. Malamai sun ciro daga nan halaccin yaro ya riƙe tsuntsu in ba azabtarwa. Abin da ke kai yaro ga ɗan agwagwa da fari sha'awa ce, yana so ya taɓa, yana so ya ga yadda yake iyo. In ba wanda ya nuna masa yadda ake taɓawa, sai sha'awa ta rikiɗe. Ku nuna masa. A tallabe shi da tafin hannu biyu ta ƙarƙashin ƙirji, ba a ɗaga shi ta ƙafa ko ta fiffike, ba a matse shi, a mayar wa uwarsa da wuri. Wanda aka tsamo ya jiƙe a goge shi da tsumma, a ɗumama shi cikin riga har ya bushe. Kududdufi mai tsayayyen baki tarko ne, jarirai suna faɗawa su kāsa hawowa, sara biyar da fartanya ya isa a yi musu gangara, wannan kuwa aiki ne da yara za su yi suna murna. Masu agwagi kuma ku tsare masu sabon ƙyanƙyasa cikin gida mako biyu ko uku, ku zuba musu ruwa a kasko marar zurfi da 'yan tsakuwa a ciki, ya tsare su daga yara da shirwa gaba ɗaya.

Amma agwagwar nan, na bi sawu na sami mai ita, wata tsohuwa ce a ƙarshen unguwa. Na tafi da yaran duka, na aika wa iyayen 'yan unguwa, biyu suka zo, ɗaya ya aiko cewa shi ba shi da lokacin shari'ar agwagwa. Muka yi sallama, na ce mun zo biyan 'ya'ya huɗu. Ta ce, "Allah gafarta malam, ai yara ne." Na ce, "Iya, kalmar nan ce ta kashe su." Ta ƙi karɓa sai da na gaya mata bashi ne a wuyan yaran, in ta so ta karɓa, in ta so ta yafe da bakinta suna ji. Ta karɓi na biyu, ta yafe biyu. Cikin waɗanda suka tsira akwai ɗaya mai ɗingishi, na roƙe ta ta bar ƙaramin nan ya riƙa kai masa dusa kowace safiya bayan an tashi daga karatu, ta yarda. Shekaranjiya ya zo mini da ƙara, wai wasu yara sun bi ta wurin da danƙo.

Abin da nake roƙon kowane malami mai almajirai a nan shi ne Alhamis mai zuwa, ranar da ba karatu kuma ba mai duba su, ya taka da ƙafarsa zuwa kududdufin da ya fi kusa da makarantarsa tsakanin azahar da la'asar, ya fita da wuri yadda iƙama ba za ta tsinke masa tsayuwa ba. Wanda ya ga wani abu ya kawo mana labari a zama na gaba. Allah Ya gafarta mini da ku. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi.